Gyaran gidan Hajiya a Gwammaja: abin da ya gudana tsakaninmu da ɗan kwangila

9 ga Disamba, 2023

Yau aka ƙulla jingar gyaran gidan marigayi mahaifinmu da ke Gwammaja, a ƙaramar hukumar Dala ta Kano. 'Yan'uwa sun ɗora mini riƙon kuɗi da rubuta duk abin da ya gudana, domin mu biyar ne muka haɗa kuɗin, kuma biyu daga cikinmu ba a gari suke zaune ba. Aikin ya ƙunshi rushe ɗakuna biyu na ƙasa da ke ƙuryar gida a sake gina su da bulo mai inci tara, da kwance rufin ɗakunan gaba a sa sabon katako da kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.55, da gina sabon banɗaki da sokawe, da sabunta wayoyin wuta, sannan filasta da tayil da fenti. Ɗan kwangilar, wanda wani aminin Kawu ya gabatar mana, kuma muka je muka ga gidajen da ya gina, ya karɓi aikin gaba ɗaya, kaya da hannu, a kan naira miliyan 6 da dubu 800, ya yi alkawarin miƙa mukulli kafin azumi.

Ya nemi kafin alƙalami na naira miliyan 3 da rabi. Hujjarsa ita ce tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun bana farashin kayan gini bai sake tsayawa wuri ɗaya ba, don haka gara a sayi siminti da rodi da katako yanzu a ajiye. Hujjar ba ta da aibi, kowa yana ganin abin da ke faruwa a kasuwa. An lissafa buhun siminti a kan naira 5,800. An rubuta yarjejeniyar a shafi guda, Kawu da aminin nasa suka sa hannu a matsayin shaidu, na tura kuɗin ta banki. Hajiya ta koma gidan babbar yayarmu a Kurna har a gama.

30 ga Disamba, 2023

Makonnin farko sun tafi yadda ake so. An rushe ɗakunan ƙasa, an kwashe ɓaraguzai, an haƙa harsashi an zuba kankare, bulo ya kai tsayin taga. Ɗan kwangilar yana zuwa da sassafe, ya riga leburori isowa, kuma ya ba ni rasit na buhun siminti 120 daga wani dila a Ƙofar Ruwa. A siton da muka ware buhu talatin da 'yan kai na gani. Ya ce ragowar yana wurin dila, ana ɗaukowa kaɗan-kaɗan saboda ɗakin ba zai ɗauka ba, kuma siminti ba ya son doguwar ajiya a ƙasa. Wannan ma magana ce da ta shiga hankali.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Azarar da aka cire daga rufin ɗakunan ƙasa ba ta cikin gidan. Azarar giginya ce ta tun zamanin kakanmu, irin wadda gara ba ta ci, kuma ko yau tana da masu nema. Da na tambaya, ya ce an kai ta ajiya don kada ta tare hanya. Na rubuta a nan domin Hajiya ta riga ta tambaye ni ita.

20 ga Janairu, 2024

A farkon wata ya nemi ƙarin naira miliyan ɗaya domin ya kammala biyan kamfanin da zai yanka kwano, ya ce katako kuwa tuni ya biya a 'Yan Katako ta Na'ibawa, motar ɗauka kawai ake jira. An ba shi. Jimillar abin da ya karɓa ya zama miliyan 4 da rabi. Kwana biyu bayan haka kafintoci suka kwance rufin ɗakunan gaba baki ɗaya, suka tafi da tsohon kwanon, kuma daga ranar ba a sake ganinsu ba. Yanzu babu ɗaki ko ɗaya mai rufi a gidan in ban da sito da zaure.

An zuba lintar sababbin ɗakuna, wato kankaren da ke bi ta saman ƙofofi da tagogi, a tsakiyar hunturu. Duk wanda ya taɓa gini ya san kankare ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so: sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako guda aƙalla, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. Iskar hunturu kuwa tana zuƙe ruwan tun kafin simintin ya kama. Da na shiga yau na tarar an cire katakon da aka tallafe lintar da shi, samanta ya yi fari fat, babu alamar an taɓa zuba mata ruwa. Yaron da aka bari a wurin ya ce ba a bar masa kuɗin 'yan ga-ruwa ba, alhali akwai rijiya a tsakar gidan, guga kawai ake bukata. Na saya masa guga da igiya, na ce ya riƙa jiƙa ginin kullum, ni zan biya shi.

Na kira ɗan kwangilar, ya ce, “Alhaji, kada ka damu, jibi katako zai sauka in Allah ya yarda.”

10 ga Fabrairu, 2024

Katako bai sauka ba. Aiki ya tsaya cak tun ƙarshen Janairu. Uzurin da aka kawo mana zuwa yanzu sun haɗa da rasuwa a ƙauyensu, da lalacewar motar ɗaukar kaya, da rashin lafiyar babban kafinta, kuma mai yiwuwa kowanne gaskiya ne, sai dai babu wanda ya isa ya bayyana dalilin da zai sa kayan da aka riga aka biya su kasa isowa daga Na'ibawa zuwa Gwammaja, tafiyar da ba ta fita daga cikin gari ba. Wayarsa takan shiga da dare, da rana kuwa a kashe take ko kuma ba a ɗauka.

A wannan tsakanin kasuwa ta birkice. Dala ta haura naira 1,500 a wurin 'yan canji na Wapa, buhun siminti kuma ya tsallake naira 10,000 a wurare da yawa, kusan ninkin kuɗin da muka yi lissafi da shi watanni biyu da suka wuce. Da ɗan kwangilar ya zo ranar Alhamis, da wannan ya fara: jingar da aka yi a Disamba ba za ta iya gama aikin ba, sai an yi ƙari. Na amsa masa cewa ƙari yana da fuska a kan tayil da fenti da wayoyin wuta, waɗanda ba a kai ga sayensu ba, amma ba shi da fuska a kan siminti da katako da kwano, tunda dalilin ba shi kuɗi da yawa tun farko shi ne a saye su kafin su tashi, kuma shi da kansa ya kawo rasit. Ya yi shiru, ya ce zai dawo da lissafi a rubuce.

24 ga Fabrairu, 2024

Ranar Litinin da ta wuce ministan ayyuka, David Umahi, ya zauna da manyan kamfanonin siminti a Abuja, aka sanar cewa buhu zai koma tsakanin naira 7,000 zuwa 8,000 gwargwadon nisan wuri. A shagunan unguwa dai ba mu ga saukin ba tukuna.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a gare mu shi ne zuwan magina da leburori shida ƙofar gidana bayan sallar Asuba ranar Laraba. Babbansu, dattijo ne da ya haura shekara sittin, ya gaishe ni cikin ladabi ya ce sun san ba ni na ɗauke su ba, amma a gidanmu suka zubar da gumi, kuma suna bin kuɗin aikin makonni uku, naira dubu 86 a haɗe. A ƙa'ida ba ni suke bi ba. Amma mutanen da ke cin abinci daga hannu zuwa baki ba a ce musu su je su nemo wanda ya kashe waya, don haka na biya su, kowa ya dangwala a takarda, na ce zan cire daga kuɗin mai gidansu.

Bayan sauran sun tafi dattijon ya tsaya. Na ce, “Baba, don Allah ina simintinmu yake?” Ya ce shi ba ya son shiga tsakani, amma in na bi hanyar Rijiyar Zaki zan ga wani bene da ake zuba wa dakin, wato kankaren da ke raba hawan ƙasa da na sama, in tambayi masu aikin daga ina simintin farko ya zo. Ya ƙara da cewa ɗan kwangilar yana riƙe da aiki uku a lokaci guda, dukansu jingar bara ce, kuma tun da kaya suka fara tashi yake ɗaukar kuɗin sabon aiki yana rufe ramin tsoho.

Na je, na ga benen, na kuma haɗu da mai shi, wanda ya ɗauka ni ma wani mai bin bashi ne, kuma bai yi kuskure ba. Shi tun watan Yulin bara ya biya kuɗin dakin ɗinsa, sai a Janairu aka kawo siminti. Nan na fahimci yadda lamarin yake. Mutumin nan ba irin wanda ke karɓar kuɗi ya bar gari ba ne, ya iya aiki, kuma ina jin har ransa yana nufin gama wa kowa. Amma yana tafiyar da sana'arsa ne da kuɗin mutane, ba shi da jarin kansa, kuma tsarin yana tafiya ne muddin farashi na zaune kuma sabon mai aiki na shigowa. Da siminti ya ninka cikin wata biyu, wanda ya zo ƙarshe shi aka bari da gida a buɗe. Mu ne na ƙarshen.

16 ga Maris, 2024

An ɗauki azumi ranar Litinin, 11 ga wata, Hajiya tana Kurna. 'Yan'uwa mun yi magana ta waya mai tsawo. Ƙanina da ke Abuja yana ganin a kai shi wurin 'yan sanda a rufe shi har sai ya fito da kuɗi. Na ƙi, saboda dalili biyu. Na farko, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar kwangila, kuma wanda ya bi wannan hanya yana iya wayar gari shi ake ƙara a kotu kan tauye haƙƙi. Na biyu, wanda yake tsare ba ya nemo kuɗi, kuma abin da muke so kuɗinmu ne da rufin gida kafin ruwa ya sauka. Yaya Babba ta goyi bayana, ta ƙara da cewa a tuna da fuskar Kawu, wanda ta hanyarsa mutumin ya shigo.

An tsaya a kan abu uku: ba za a ƙara masa ko kwabo ba, za a kawo wanda ya san aiki ya auna abin da aka yi ya yi masa kuɗi, sannan a nemi zama a gaban mai unguwa bayan Sallah. Na canza kwaɗon sito, na ƙirga abin da ke ciki: siminti buhu 9, rodi tsayi shida, da ƙofofin ƙarfe uku.

20 ga Afrilu, 2024

Mai ƙiyasin kuɗin gini da muka ɗauka ya yi yini guda a gidan da tef da littafi, dattijon magini yana biye da shi. Yadda ya bi lissafin siminti ya cancanci a rubuta, domin kowa zai iya yin irinsa. Bulo mai inci tara guda goma ne ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango, kuma buhu ɗaya yana ɗora kimanin bulo hamsin. Kankaren harsashi da linta, in an bi awon da aka saba, buhu ɗaya ne da kwanon yashi huɗu da kwanon tsakuwa takwas. Ya auna tsawo da faɗi da zurfin duk abin da aka zuba, ya ƙirga bulon da aka ɗora, ya yi wa ɗan kwangilar rangwame a duk inda ake shakka, ya ce simintin da ya shiga ginin ba zai wuce buhu 55 ba. In aka haɗa da 9 na sito, 64 ke nan. Rasit ya ce 120. Saura 56.

Daga nan aka koma kan linta. Ta ɗakin kudu ta tsage daga kusurwar ƙofa, kuma da Baba ya ƙwanƙwasa ta da guduma sai gefen ya riƙa zubowa kamar garin tuwo. Da aka fasa wani ɓangare aka tarar rodi mai milimita 10 ne a ciki maimakon mai 12 da aka rubuta, zobban da ke ɗaure shi kuma an ware su nesa da juna don a rage ƙarfe. Dole a sare ta a sake. Ta ɗakin arewa ya ce za ta iya zama, tunda ba bene za a ɗora ba. Ramin sokawen ma an haƙa shi ne taku kaɗan daga rijiya, alhali ana so a bar aƙalla mita 15 tsakaninsu don kada ƙazanta ta tsiyaya cikin ruwan sha. Gidan ba shi da faɗin da zai ba da hakan a ƙurya, don haka za a mayar da ramin can kusa da zaure, a cike wannan.

Na kuma bi sawun sauran kuɗin da ƙafata. A Na'ibawa, mai katakon da aka ambata ya ce an zo an yi ciniki a Disamba, ba a biya ba. Naira dubu 620 ke nan. A kamfanin kwano an nuna mini littafi: dubu 300 aka ajiye daga cikin dubu 900 da ya ce ya biya, kuma kaurin da aka rubuta 0.45 ne, ba 0.55 ba. Na sa aka gyara kaurin, aka mayar da takardar da sunana.

27 ga Afrilu, 2024

An yi zama yau bayan La'asar a zauren mai unguwa. Akwai limamin masallacinmu, da Kawu da amininsa, da ni da ƙanina, da ɗan kwangilar tare da wansa. Ya zo, kuma wannan abin a yaba masa ne, don da yawa ba sa zuwa.

Kuɗin katako da na kwano da na leburori bai ja ba. Ya amsa su, jimilla naira miliyan 1 da dubu 306. Gardamar a kan siminti ta tsaya. Shi ya ce kuɗi aka ba shi, kuɗi zai mayar, wato buhu 56 a kan 5,800, naira 324,800. Mu kuma muka ce siminti muke bi, tunda wannan kuɗin a yau ba zai sayi ko buhu 45 ba. Wansa ya yi magana mai tsawo kan cewa ba ƙaninsa ne ya tayar da farashi ba, kuma bai kamata a ɗora masa abin da ya fi ƙarfin kowa ba.

Mai unguwa ya juya wurin liman ya ce, “Allah gafarta Malam, me shari'a ta ce?” Malam bai yi gaggawa ba. Ya ce ma'aikacin da ke aiki a gidan mai aiki amintacce ne, ba a ɗora masa asarar da ta faru ba da sakacinsa ba, da ɓarayi ne suka fasa sito ko ruwa ya lalata kaya babu abin da za a bi shi. Amma wanda aka wakilta ya sayi kaya, ya saya, sannan ya karkatar da su inda ba a umarce shi ba, ya yi ta'addi, kuma abin da ake aunawa ko ƙirgawa, irin hatsi ko siminti, da misalinsa ake biya, ba da kuɗinsa na jiya ba. Sai ya nemi a miƙo masa rasit ɗin, ya tambayi ɗan kwangilar ko gaskiya ne abin da ke ciki. In gaskiya ne, simintin ya zama namu tun ranar da aka saya, buhu zai mayar. In kuwa ba gaskiya ba ne, to magana ta koma ta takardar bogi, wadda ta fi ƙarfin zaure. Ɗan kwangilar ya sunkuyar da kai ya ce rasit gaskiya ne.

Sulhu ba ya yiwuwa sai kowa ya bar wani abu. Mun yafe kuɗin sake linta da na cike ramin sokawe, mun yafe dubu shida na kan lissafi. Azara da tsohon kwano ya amsa cewa ya sayar. Kawu ya isar da saƙon Hajiya cewa a bar zancensu, ba ta so a ce an tsayar da mutum a gaban jama'a saboda itace, ko da yake na san abin ya fi kuɗin zafi a wurinta. An rubuta cewa jinga ta warware, zai kawo siminti buhu 56 kafin ƙarshen Mayu, zai biya dubu 400 a ƙarshen Mayu, sannan dubu 300 a ƙarshen kowane wata har Agusta. Malam ya tunatar da mu ayar bashi ta cikin Suratul Baƙara, aka rubuta kwafi uku, shaidu suka sa hannu, aka yi addu'a.

18 ga Mayu, 2024

Yanzu da kanmu muke tafiyar da aikin. Kaya ni nake saye, hannu kuma ana yin jingarsa mataki-mataki, ba a biya sai an gama an duba, kuma ana riƙe kashi ɗaya cikin goma har sai an ga yadda aikin ya zauna. Baba ne ke jagorantar gini, ya sare lintar kudu ya sake ta da rodi huɗu masu milimita 12, wanda na sa aka auna a gabana a Ƙofar Ruwa, don akwai wanda ake kira sha biyu amma bai cika ba. Sai da kowa a cikinmu ya ƙara kuɗi, domin katakon da aka yi wa lissafin dubu 620 ya tashi sosai.

Sabon kafinta ya ƙi karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na katakon da aka fara saukewa, ya ce ɗanye ne, zai murɗe a ƙarƙashin kwano in ya bushe, aka mayar aka canzo. An shafe shi duka da Solignum haɗe da baƙin mai saboda gara. Daren Talata an yi iska mai ƙarfi da yayyafi, muka kwana da fargaba, domin bangon ɗakunan gaba tsohon gini ne kuma kansa a buɗe yake tun Janairu. Washegari aka lulluɓe kan bangon da leda aka danne da bulo.

Ɗan kwangilar ya aiko da siminti buhu 30. Huɗu sun daskare, na mayar da su tare da mai kurar da ya kawo.

8 ga Yuni, 2024

An gama rufi ranar Alhamis. Kafin a sauke kwanon daga mota an auna kaurinsa, ya cika. Ruwan da aka yi daren jiya ya nuna ɗiga a wuri ɗaya, inda kwano ya haɗu da bangon maƙwabta, kafinta ya dawo da safe ya gyara ba tare da an yi ta kira ba, kuma ba na raba ɗaya biyu kuɗinsa da ke hannuna ne ya kawo shi da wuri.

Dubu 400 na ƙarshen Mayu sun shigo ranar 5 ga wannan wata, bayan wansa ya kira ya nemi alfarmar 'yan kwanaki. Mai wayarin ya fara fasa bango yana binne bututu kafin filasta. Wayar da na sayo a Titin Faransa mai milimita 1.5 ce ta fitilu da mai 2.5 ta soket, kuma ya kankare bakin kowane nadi ya tabbatar jan ƙarfe ne har ciki, ba farin ƙarfe da aka shafa wa launi ba.

10 ga Agusta, 2024

An gama filasta da sokawe a watan Yuli. Aikin tayil ya tsaya kwanaki saboda zanga-zangar tsadar rayuwa da aka fara ranar 1 ga wata da dokar hana fita da gwamnatin jiha ta sa, masu aikin ba su iya fitowa daga unguwanninsu ba. Sun dawo yanzu, saura banɗaki da baranda.

Ragowar siminti buhu 30 ya iso a tsakiyar Yuli, wata ɗaya da rabi bayan wa'adi, a lokacin da filasta ta kusa ƙarewa, don haka da shi ake ɗora tayil. Wannan babin ya rufe. Na kuɗi kuwa yana tafiyar hawainiya. Na ƙarshen Yuni ya zo cikakke bayan Babbar Sallah, na ƙarshen Yuli rabi ya zo, dubu 150, tare da saƙon cewa mai benen Rijiyar Zaki bai sallame shi ba. Na sanar da mai unguwa, ya ce zai aika a kira wansa.

7 ga Satumba, 2024

Hajiya ta dawo gida ranar Lahadi, wata tara bayan fitarta, a aikin da aka yi wa alkawarin wata uku. Fentin waje mun ɗage shi sai damina ta wuce bango ya bushe sosai, domin wanda aka yi a kan danshi ɓarewa yake yi. An biya kafinta da Baba kuɗinsu da aka riƙe, tunda ruwan Agusta ya gwada rufin da ginin bai sami hanya ba.

Daga cikin naira miliyan 1 da dubu 300 da aka rubuta, dubu 850 ne suka shigo, saura dubu 450, kuma wa'adin ƙarshe ya wuce da mako guda. Wayarsa ta koma halinta na Fabrairu. Akwai kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a Kano a 2019 a ƙarƙashin kotunan majistare, wadda aka tsara ta yanke hukunci cikin kwana 60, kuma mutum yana iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Kuɗin da muke bi bai kai iyakar abin da take saurara ba, kuma muna da takardar sulhu mai sa hannunsa da na shaidu, da shaidar banki ta duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Matakin farko shi ne a ba shi takardar neman biya. Na rubuta ta jiya, na kai wa mai unguwa kwafi don kada a ce an tsallake shi, shi kuma ya nemi a ƙara wa mutumin mako biyu albarkacin wansa, wanda ya ce zai sayar da babur ya cike. 'Yan'uwa sun amince da mako biyun. Idan ranar 21 ga wata ta yi kuɗin bai shigo ba, Litinin 23 zan kai takardun rajistar kotu.